Tsohuwar MGB ko sabuwar BMW M2: wace ce ta fi daɗin tuƙi?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Injiniya. Ina aiki a Ingila, shekarata ta shida ke nan. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne, yana da wata 'yar ƙaramar mota ja mai buɗaɗɗen kai da kujera biyu, MGB ƙirar 1969. Gwiwa ta fara damunsa, shiga da fita suna ba shi wuya, shi ne ya ce in ina so zai sayar mini. A wurin aiki kuma akwai abokina da ya sayi BMW M2 ta 2023. Sau ɗaya ya ɗana ni, da ya taka totur sai da na ji cikina ya koma baya. Da na ba dattijon labari sai ya yi dariya, wai tasa ta fi daɗin tuƙi nesa ba kusa ba. Ta yaya mota mai ƙarfin doki 95 za ta fi mai 460? Ko dai son tsohon abu ne irin na tsofaffi? Ina da motar zuwa aiki, ta sha'awa nake nema. Kuma ina tunanin wata rana in tafi da ita gida.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dattijon bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. Ɗaya rabin yana ƙarƙashin motar, inda tsatsa take, zan kuma kai ka can.

Mu fara da abin da ake aunawa da agogo, don a nan babu gardama. MGB tana da inji mai silinda huɗu, cc 1,798, kafireta biyu. Daga tsaye zuwa mil 60 a awa tana cin daƙiƙa 11 zuwa 12, iyakar gudunta kuma bai wuce mil 105 ba, shi ma sai hanya ta miƙe kuma iska ba ta yi mata gardama ba. M2 ɗin abokinka silinda shida gare ta, lita 3, turbo biyu, injin da aka ɗauko daga yayyenta M3 da M4. Tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4 da 'yan kai, kuma kwamfuta ce take riƙe ta a kilomita 250, ba gajiya ba. Birki, kwana, shiru a cikin mota, sanyin AC, ko'ina ta yi wa tsohuwar fintinkau. Kai, ko motar da kake zuwa aiki da ita, in dai ta shekarun nan ce, ina kyautata zaton za ta bar MGB a danja. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

To me dattijon yake nufi?

Ka duba ma'auni. MGB ba ta kai tan ɗaya ba. Na farko-farkon nauyinsu wajen kilo 920 ne. M2 tana wajen kilo 1,700. Faɗin MGB mita ɗaya da rabi ne da ɗan ɗoriya, na M2 ya doshi mita 1.9. Sannan ka sunkuya ka kalli taya. Ta MGB faɗinta milimita 155 ko 165. Tayar baya ta M2 milimita 285 ce, wato guda ɗaya ta kusa cinye faɗin biyu na tsohuwar. Maganar gaba ɗaya a nan take.

Kowace taya tana da iyakar riƙon da za ta yi wa kwalta. Daɗin motar gudu yana zuwa ne lokacin da ka matso kusa da wannan iyaka, ka ji motar ta fara magana: sitiyari ya ɗan yi sauƙi a hannunka, bayan motar ya fara neman zamewa, kai kuma ka gyara da ƙafa da hannu. A MGB wannan iyakar tana nan kusa, a gudun da doka ta yarda da shi. Ka shiga kwanar hanyar ƙauye a mil 40, ka sauko giya ta uku, motar ta karkata, inji yana kuka, iska tana dukan kunnenka, mazauninka bai fi tsawon hannu daga kwalta ba. Kana aiki da duk abin da motar take da shi, da duk abin da kai ma kake da shi. Wannan kwanar dai, a wannan gudun, M2 ba ta ma san ta shiga kwana ba. Kafin ta fara yi maka irin wannan magana sai ka kusa ninka gudun, kuma a ƙasar da kake, iyaka mil 70 ce a babbar hanya, 60 a hanyar ƙauye. Daƙiƙa biyar na totur sun kai ka bakin doka. Ka zarce mil 100 kyamara ta kama ka, maganar kotu da ƙwace lasin ake yi. Shi ya sa masu irin motar abokinka suke biyan kuɗi su shiga filin tsere kamar Silverstone ko Brands Hatch, ko su tsallaka Jamus inda wasu sassan babbar hanya ba su da iyakar gudu. A titin yau da kullum kuwa, kamar wanda ya sayi ingarman doki ne yana zagaya tsakar gida da shi.

Akwai kuma abin da ke tsakanin hannunka da taya. Sitiyarin MGB ƙarfe ne zalla daga hannunka har ƙafar mota, babu famfo, babu lantarki. A wurin fakin zai sa ka gumi, amma da ta fara tafiya, duk tsakuwar da taya ta taka sai ka ji ta a tafin hannu. Totur waya ce take jan bakin kafireta, abin da ƙafarka ta ce shi inji zai yi. A M2 sitiyarin na lantarki ne, totur saƙo yake aika wa kwamfuta, ita take yanke shawarar yawan ƙarfin da za a ba kowace tayar baya. Na'urar hana santsi ma matakai goma gare ta, ka zaɓi iya zamewar da kake so a bar ka ka yi. Har ƙarar injin da ka ji a ciki, akwai wadda ake ƙara mata armashi ta lasifika. Ba kushe ba ne, aikin injiniyoyin abin a cire musu hula ne, domin ba don waɗannan na'urori ba, doki 460 a kan tayoyin baya cikin ruwan saman Ingila sai ya kashe mutane da yawa. Amma ka sani ku biyu kuke tuƙin, kuma abokin tuƙin naka ya fi ka sauri da wayo. Wani wannan ne yake ba shi natsuwa, wani kuwa ji yake kamar an karɓe masa rabin aikin.

Ko tayar da ita da safe wani sha'ani ne. Ka murɗa makulli rabi, ka saurara: daga baya za ka ji famfon fetur yana ƙas, ƙas, ƙas, da sauri, sannan ya rage, ya tsaya. Kafireta ta cika ke nan. Ka jawo cok, ka ba ta wuta, ta yi tari sau biyu ta kama. Ka bar ta ta ɗumama, kana mayar da cok a hankali kana sauraron muryar inji. Warin fetur da baƙin mai da tsohuwar fatar kujera duk suna hancinka. Wanda ya taso ya ga yadda ake lallashin Peugeot 504 da asubar hunturu ya san wannan karatun. In motar dattijon tana da obadaraib, wato ƙarin giyar lantarki da ake kunnawa da ɗan makunni a giya ta uku da ta huɗu, ka yi sa'a, domin a babbar hanya shi yake sauke kukan inji har ka iya jin mai magana a gefenka. MGB marar shi, tafiyar awa biyu a mil 70 azaba ce.

Yanzu rabin da bai gaya maka ba.

Na farko rai ne, kuma ba zan sassauta maka ba. Babu jakar iska, babu ABS, wato na'urar hana tayoyi kullewa in an taka birki, babu na'urar hana juyawa, babu ƙarfen da zai kare kanka in ta kife. Birkin gaba faifai ne, na baya ganga. Ni kaina na taɓa jin jiki a irin wannan ƙaramar tsohuwar mota ta wani abokina. Ana yayyafi, na doso shataletale, wata mota ta tsaya a gabana ba zato, ƙafata kuma ta yi abin da ta saba a motar zamani: na danne birki iya ƙarfina. Tayoyin gaba suka kulle, na murɗa sitiyari motar ta ƙi juyawa, ta miƙe kamar kwale-kwale. Allah Ya kiyaye, ɗan taƙi ya rage. Laifina ne, ba na mota ba. A irin waɗannan, taka birki ake yi ana saki ana kuma takawa, abin da ABS take yi maka sau da yawa a daƙiƙa guda ba tare da ka sani ba. Mercedes sai a 1978 ta fara sa ABS ta lantarki a motocinta, na'urar hana juyawa kuma sai 1995, yau ga shi tun 2014 ba a sayar da sabuwar mota a Tarayyar Turai sai da ita. In kana son ka ga tazarar da idonka, nemi bidiyon gwajin da IIHS, cibiyar gwajin haɗarin motoci ta Amurka, ta yi a 2009, inda aka haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba. Masu cewa ƙarfen motocin zamanin da can ya fi ƙwari su kalla: ɗakin direban tsohuwar ne ya murƙushe, na sabuwar yana nan. Kuma Bel Air ƙatuwa ce. MGB a tsakiyar manyan jif-jif na yau, kanka daidai fitilarsu yake. Don haka tuƙinta irin na mai babur ne: tazara mai yawa, ido ko'ina, a ɗauka ba wanda ya gan ka. Ba motar kai yara makaranta ba ce.

Na biyu hidima. Motocin wancan zamani an ƙera su ne da sanin cewa mai su zai riƙa buɗe bonet duk mako. Ƙafafun gaba suna son giris kowane mil 3,000. Kafireta biyun sai an daidaita su su riƙa shaƙar iska daidai wa daida, kuma kowacce tana da 'yar rijiya a kanta da ake ɗiga wa mai. Akwai kwantak da ake gyara wa tazara, akwai bawul da ake saitawa, batir ma biyu ne masu bolt shida-shida a ɓoye bayan kujeru, inda mantuwa take sa ruwansu ya ƙafe. Ɗigon baƙin mai a ƙasan gareji kuwa kamar sa hannunta ne. Sai fetur: tun Satumba 2021 man da aka fi sayarwa a Birtaniya E10 ne, mai kashi goma na ethanol, kuma yana cin tsofaffin robobi da tiyon mai. Sai ka riƙa shan E5, mai tsadar. Ka kuma tambayi dattijon ko an sa wa kan injin mazaunin bawul masu tauri, domin an ƙera shi ne a zamanin fetur mai dalma. Tsohon doki sai mai shi, in ji Hausawa. Shi ya san kukanta, ya san ranar da take fushi. Kai sai ka koya.

Amma a nan ma akwai daɗi. An ƙera MGB fiye da rabin miliyan a masana'antar Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 har aka rufe ta a 1980. Saboda yawansu, kusan babu kayan gyaran da ba za ka samu sabo ba, ka yi oda yau gobe ya iso. Har gangar jikin gaba ɗaya kamfanin British Motor Heritage yana bugawa sabuwa tun 1988. Da akwatin sifana da littafin gyara, mutum mai haƙuri zai yi yawancin aikin da kansa ranar Asabar. M2 ba ta lalacewa kamar haka, ko kusa, amma ranar da fitila ta kama a dashbod, kwamfuta za a jona mata, kuma kuɗin tayoyinta huɗu kaɗai zai riƙe MGB tsawon lokaci. Ga inshora, ga faɗuwar daraja: sabuwar motar gudu tana zubar da kuɗi tun ranar da ta bar shago, tsohuwar kuwa ta gama faɗuwarta tun kafin a haifi abokinka. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 ana iya yi mata rajistar motar tarihi, ba harajin hanya, ba dole sai ta yi MOT ba, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in ba a sauya mata manyan sassa ba, kuma ba ta biyan ULEZ, kuɗin da ake karɓa a Landan daga motoci masu yawan hayaƙi. Shawarata, ko doka ta yafe maka MOT, ka kai ta duk shekara. Idon wani a ƙarƙashin motar da ta haura hamsin ba asara ba ne.

Wani ɗan tsokaci: MG ɗin da kake gani sababbi a titi yanzu, yawanci masu lantarki, sunan ne kawai ya haɗa su da wannan. Tambarin yana hannun kamfanin SAIC na China.

Shekarar motar dattijon ma ta yi kyau. Ta 1969 tana da giyabos ɗin da aka gyara a 1967, wanda giya ta ɗaya ma take shiga ba ƙara, da injin mai beyarin biyar da ya fi na farkon juriya, kuma bambarta ta ƙarfe ce mai walƙiya. Daga ƙarshen 1974 dokokin Amurka, inda aka fi sayar da motar, suka sa aka maƙala mata baƙar bambar roba mai nauyi, aka kuma ɗaga ta sama, kwanarta ta lalace. Waɗanda aka kai Amurka daga 1975 ma kafireta ɗaya aka bar musu, ƙarfin ya faɗo ƙasa da doki 70. Masu sha'awa sun fi neman irin ta maƙwabcinka.

Maganar kai ta gida kuwa, akwai cikas babba. Motar da aka saya a Ingila sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuma tun Afrilun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama a titi ba. Ana iya juya sitiyarin MGB, tunda an ƙera ta ta fuska biyu, amma aiki ne da kuɗi, ga dokar kwastan kan shekarun motar da ake shigowa da ita. Ko ta shiga, cikinta a ƙasa yake ƙwarai, salansa ce za ta fara gaisawa da kowane tudun rage gudu, zafin inji kuma yana shigowa ta wajen ƙafa, abin da ake marmari a Oxford amma ba a Kano cikin watan Afrilu ba. Abu ɗaya da za ta more a gida shi ne bakanike: duk tsohon hannun da ya ƙware a kafireta da kwantak zai gane ta cikin rabin awa. M2 ita kuma fetur mai kyau ƙwarai take so da tayoyi marasa kauri, waɗanda rami ɗaya yake fasawa har da wili. Ni dai da ni ne, kowacce na saya a can zan more ta in bar ta a can.

To wacce? Tunda kana da motar aiki, kuma abin da kake nema daɗin tuƙi ne a hanyoyin da kake bi da gaske, ni na karkata wajen dattijon, bisa sharaɗi biyu: kana da garejin da ruwa ba ya shiga, kuma ba ka ƙyamar baƙin mai a farce. In ɗaya ya ɓace, kada ka saya, za ta zame maka kaya, ka wayi gari tana ruɓewa a ƙofar gida ƙarƙashin tamfol. In kuwa abin da ya burge ka shi ne yadda cikinka ya koma baya ran nan, to MGB ba za ta taɓa ba ka wannan ba, M2 ce motarka, sai ka ware kuɗin zuwa filin tsere sau uku ko huɗu a shekara don ka san abin da ka saya. Akwai kuma ta tsakiya da bai kamata ka tsallake ba, Mazda MX-5. Japanawa sun fito da ita a 1989 suna kwaikwayon irin waɗannan ƙananan motocin Ingila, kuma ta yanzu nauyinta tan ɗaya ne da kaɗan, kai a buɗe, giyar hannu, ga jakar iska da ABS, kuma tana tashi kowace safiya ba lallashi. Kaso mai tsoka na daɗin MGB, ba tare da rabin wahalarta ba.

In ka tsaya a kan ta dattijon, ga abin da za ka yi kafin maganar kuɗi. Inji kada ya dame ka, injin MGB jaki ne, kuma gyaransa da sauƙi. Jiki ake saye. Motar ba ta da shasi daban, gangar jikin ce take ɗauke da komai, kuma tunda ba rufin ƙarfe, ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Gishirin da ake watsawa a titunan Ingila lokacin sanyi daga ciki yake cin su, fenti yana ta ƙyalli a waje, kyan ɗan maciji. Ka tafi da tocila da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Bi ƙasan ƙofa da shi, da bayan tayoyin gaba, da bakin tayoyin baya. Duk inda ya ƙi kamawa, an cike rami ne da fila. Ɗaga kafet ka danna ƙasan da babban yatsa. Duba inda sifirin na baya yake kama jiki, ka leƙa ramin batir. Sannan ka roƙi dattijon a ɗaga gefe ɗaya da jak, ka buɗe ƙofa ka rufe. In ta rufu lafiya kamar yadda take yi a ƙasa, ku zauna ku yi ciniki. In ta cije, ko tazarar da ke tsakaninta da jiki ta sauya, motar tana lanƙwashewa a tsakiya ke nan, kuma kuɗin walda zai iya fin kuɗin motar. Sai ka yi masa godiya, ka ce dai ya ba ka makullin ku zaga ƙauye tare ranar Lahadi, shi a gefe yana nuna maka inda ake sauya giya.